Taƙlidin Agogo

A kan yawancin kwamfutocin da nake kula da su, masu aiki da Debian ko Ubuntu, akwai wata 'yar manhaja mai suna systemd-timesyncd wadda ba ta da aiki sai daidaita agogon na'ura. Tana yin bakin ƙoƙarinta, amma idan kwamfutar uwar garke ce, wadda sauran na ofis suke jingina da ita, na fi son wata da ake kira chrony, domin ta fi haƙuri da layin intanet irin namu mai zuwa yana ɗaukewa. Sai in buɗe baƙin allon umarni in rubuta kalmomi uku: apt install chrony. Shi apt ɗin shi ne ma'ajin manhajoji, ta hannunsa kowane ƙunshi yake shiga na'ura, ta hannunsa yake fita. Kafin ya taɓa komai sai ya jero mini abin da yake shirin yi: zai girka chrony, zai kuma cire systemd-timesyncd. Ba ni na ce a cire ta ba. Waɗanda suka shirya manhajojin ne suka rubuta cewa biyun ba sa zama wuri ɗaya, don kada hannu biyu su riƙa juya agogo guda, wannan ya ja gaba wancan ya ja baya. Ya tambaye ni ko na amince, in danna Y, rubutu ya gangaro, minti bai cika ba an sauke mai kula da lokaci an naɗa wani.

Aikin yau da kullum ne, ba wanda zai ce akwai addini a ciki. Amma ni mutum ne da ke sallah da agogo, yake sahur da agogo, yake buɗe baki da agogo, kuma sana'ata ta nuna mini abin da yawancin masu duba waya ba sa tunawa da shi: lambobin nan da ke fuskar allo mutane ne suka ɗora su, kuma mutane suna iya sauke su. Idan na duba na ga huɗu saura kwata, na tashi na yi alwalar La'asar, maganar wa na ɗauka? Kuma shari'a ta yarda in ɗauke ta?

Kwamfuta dai ba ta san lokaci ba. A cikinta akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse na ma'adinin kwaz, wanda idan wuta ta ratsa shi yake karkarwa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, ita kuma na'urar ta yi ta ƙirga karkarwar. Dutsen nan zafi yana taɓa shi, sanyi yana taɓa shi, tsufa ma haka. A ɗaki mai zafi, a tsakiyar bazara, yana iya zamewa da daƙiƙa ɗaya ko biyu a wuni, in ka bar shi wata shida sai ka tarar mintuna sun taru. Don haka duk aikin chrony tambaya ne. Lokaci zuwa lokaci takan aika saƙo ga wasu kwamfutoci ta ce ƙarfe nawa, ta auna daɗewar saƙon a hanya zuwa da dawowa, sannan ta ja agogon gida a hankali, ta ƙara masa sauri ko ta rage, har ya hau layi.

Ƙa'idar da ake bi wajen wannan tambaya sunanta NTP. Wani malamin Jami'ar Delaware ta Amurka, David Mills, shi ya tsara ta, bayaninta na farko ya fito a 1985, ya kuma ci gaba da rainonta shekaru da dama kafin rasuwarsa a Janairun 2024. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tsarin nasa shi ne kowace kwamfuta tana faɗin matsayinta a silsila. Wadda ke haɗe kai tsaye da agogon atam ko da tauraron ɗan'adam na GPS tana mataki na 1. Wadda ta ji daga gare ta tana mataki na 2, mai ji daga wannan tana na 3, haka har zuwa 15. Wadda ta kai 16 kuwa ta shelanta cewa ba ta da madogara, kada kowa ya ɗauka daga gare ta. Idan na rubuta chronyc sources, na'urar takan jero mini waɗanda take tambaya, kowanne da alama a gabansa: tauraro ga wanda ta zaɓa, alamar tarawa ga waɗanda suka ƙarfafa shi, alamar tambaya ga wanda ya yi shiru, harafin x kuma ga wanda maganarsa ta saɓa wa ta sauran, aka jefar da ita. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya ji ana maganar gajeren isnadi da dogo, da mai ruwayar da ya saɓa wa waɗanda suka fi shi, ba zai ga baƙon abu a wannan jeri ba.

Idan ka bi silsilar har ƙarshe, ba agogo ɗaya za ka tarar ba. Tun 1967 aka daina auna daƙiƙa da motsin ƙasa a falaki, aka ce daƙiƙa ita ce tsawon kaɗawa 9,192,631,770 na wani haske da ƙwayar sinadarin siziyam take fitarwa. Wata hukumar awo ta duniya da ke kusa da birnin Faris ita ke tattara rahoton ɗaruruwan agogunan atam daga ƙasashe daban-daban, ta fitar da matsakaicinsu, shi ne lokacin duniya da ake kira UTC. Ashe kan silsilar yarjejeniya ce ta masana awo, aka ɗora ta a kan wata ɗabi'a da Allah ya sanya wa ƙwayar zarra, wadda ba ta canzawa.

Wannan rabin labarin ne. Sanin UTC bai gaya maka ƙarfe nawa a Kano ba. Wannan aikin wani ƙunshi ne dabam mai suna tzdata, taskar da ta tara dokokin agogo na kowace ƙasa, na yau da na da. Arthur David Olson, ma'aikacin wata cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, shi ya fara tara ta a shekarun 1980, yanzu kuma Paul Eggert na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ne ke jagorantar masu kula da ita, yawancinsu 'yan sa kai. Wayar Android da iPhone da uwayen garken bankuna duk daga wannan taska suke sha. A cikinta sunan yankinmu Africa/Lagos, kuma Yamai ma an jingina ta da shi. In ka buɗe fayil ɗin za ka ga tarihin mulkin mallaka a layuka kaɗan: akwai lokacin da Legas take bin ranarta, gaban agogon Girinwic da minti 13 da 'yan daƙiƙu, aka koma rabin awa daga 1914, sannan a 1919 aka tsayar da awa ɗaya cif, wadda muke kai har yau. Awa ɗayan nan lissafin layin digiri 15 ne na gabas, wanda ya ratsa ta wajen Injamena. Ma'ana sha biyun ranar da ke agogonmu ta fi dacewa da ranar Chadi. A Kano rana ba ta kaiwa tsaka sai bayan sha biyu da wajen minti 26 a matsakaici, a Sakkwato wajen minti 39, a Maiduguri kuwa minti 7 kacal.

Sai mutum ya ga raunin abin a 2011. Wani kamfanin Amurka mai suna Astrolabe, mai sayar da manhajar duban taurari, ya kai Olson da Eggert kotu, yana cewa an kwashi tsofaffin bayanai daga wani kundi mallakarsa. Aka rufe wurin da ake rarraba taskar a watan Oktoba, kafin hukumar IANA mai kula da sunaye da lambobin intanet ta karɓi riƙonta, kamfanin kuma ya janye ƙarar a Fabrairun 2012. Taskar da duniya take saita agogo da ita ta wayi gari a rufe saboda ƙara guda. Shi kuma apt, wanda ta hannunsa taskar ke shigowa kwamfutata, yana duba sa hannun sirri na masu rarraba ƙunshi kafin ya girka shi, in bai dace ba ya ƙi. Wannan yana tabbatar mini cewa abin da ya iso shi aka aiko, ba a sauya shi a hanya ba. Ba ya tabbatar mini cewa abin da aka aiko daidai ne. Nan sai dai amana.

To mu koma zaure. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan shigar lokaci. Abin da muka karanta a Muhtasar na Shehu Halilu shi ne wanda ya yi sallah yana shakkar ko lokaci ya shiga, sallarsa ba ta isar masa ba, ko da daga baya ta bayyana cewa a cikin lokaci ya yi ta. Ba dace ake nema ba, natsuwar zuciya ake nema bisa dalili. Amma kuma ba a ɗora wa kowa ya fita ya auna inuwa da kansa sau biyar a rana ba. An yarda a bi ladan adali masanin lokaci, kuma hadisi ya siffanta ladan da cewa mai riƙon amana ne, amanar sallar mutane da azuminsu. A Madina ma, ɗaya daga ladanan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wato Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho ne, ba ya kiran sallar Asuba sai an sanar da shi cewa gari ya waye, kuma da kiransa masu azumi suke kame baki. Ke nan labarin lokaci yana iya bi ta hannun wanda bai gani ba, ya isa ga wanda bai gani ba, ibada kuma ta inganta. Sharaɗin dai shi ne a can ƙarshen silsilar akwai idon da ya ga alfijir.

Kan amfani da lissafi kuwa, Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 684 bayan Hijira, ya warware matsalar a littafinsa Al-Furuƙ ta hanyar da har yau ban ga wadda ta fi ta ba. Ya bambanta lokutan sallah da jinjirin watan azumi. A sallah, shari'a ta rataya hukunci a kan faruwar abin kansa, karkatar rana ko faɗuwarta, don haka ta kowace hanya ingantacciya ka san ya faru, da ido ko da lissafi ko da na'ura, hukunci ya hau kanka. A azumi kuwa an rataya shi a kan ganin wata, ba a kan kasancewarsa a sama kawai ba. Shi ya sa muke sallah da jadawali ba tare da damuwa ba, amma daren 29 ga Sha'aban muke kasa kunne mu ji sanarwar Sarkin Musulmi. Musulmi kuma ba baƙi ba ne a wannan fanni. Manyan masallatai a da suna da ma'aikaci na musamman da ake kira muwaƙƙit, aikinsa lissafin lokutan sallah. Ibn Shaɗir, wanda ya riƙe wannan aiki a masallacin Banu Umayya na Dimashƙa har rasuwarsa a wajen 1375, ya ƙera agogon inuwa na marmara aka ɗora a hasumiyar masallacin, kuma masana tarihin falaki har gobe suna nazarin lissafinsa.

Saboda haka ban yarda da dattijon da zai ce agogo kayan Nasara ne, ba a ibada da shi ba. Amma na fi jin tsoron ɗan'uwansa na wannan zamani, matashin da ya ɗauka abin da waya ta nuna ya fi ƙarfin tambaya. Silsilar da na bayyana, daga siziyam zuwa chrony zuwa tzdata, ingantacciya ce ƙwarai wajen faɗin ƙarfe nawa. Sai dai a ƙarshenta babu wanda ya ga alfijir. Na'ura jiyau ce, ba ganau ba, kuma abin da ta jiyo ma ba labarin sama ba ne, labarin ƙwayar zarra ne da dokar gwamnati. Tsakanin ƙarfe nawa da shigar lokacin sallah akwai wata gada dabam, ta lissafin falaki, wadda ke buƙatar a san ainihin inda kake tsaye da kuma ƙa'idar da aka zaɓa. A kan wannan gada muke yawan faɗawa ruwa, ba a kan daƙiƙun atam ba.

Abin da ya faru a Labanan a azumin 2023 ya fito da bambancin fili. Ƙasar ta saba tura agogo gaba da awa ɗaya a ƙarshen Maris. Ana saura kwana biyu, gwamnatin Firaminista Najib Mikati ta sanar da ɗage canjin zuwa 20 ga Afrilu, abin da kowa ya fahimta a matsayin sauƙaƙa wa masu azumi, don a sha ruwa wajen ƙarfe shida maimakon bakwai. Cocin Maroniyawa ya ce bai yarda ba, wasu makarantu da gidajen talabijin suka bi shi, ƙasa ɗaya ta wayi gari da agogo biyu, har ana maganar lokacin Musulmi da lokacin Kirista. Masu kula da tzdata suka fitar da sabon ƙunshi cikin gaggawa, 2023b, wasu wayoyi suka samu wasu ba su samu ba. Ranar 27 ga Maris gwamnati ta janye, suka sake fitar da 2023c. Duk wannan hayaniya ba ta rage wa mai azumi ko minti ɗaya na ƙishirwa ba. Alfijir ya keto lokacin da zai keto, rana ta faɗi lokacin da za ta faɗi. Suna kawai aka sauya wa sa'ar.

A ganina sauya agogo ba saɓo ba ne. Al'ada ce ta mutane, hukuma tana da ikon tsara ta don maslaha. Maroko ma a 2018 ta tsayar da agogonta a kan awa ɗaya gaban UTC, ta riƙa komawa baya duk azumi, ta dawo bayan sallah, har masu tzdata suka shigar da hasashen watan Ramadan na shekaru masu zuwa har 2087, suna gyarawa idan sanarwar ƙasar ta saɓa wa hasashensu. Laifin da na gani a Labanan na gaggawa ne da rashin shawara, domin wanda ya juya agogon jama'a cikin kwana biyu ya taɓa alƙawarin asibiti da tashin jirgi da jarabawar yara. Abin da Alƙur'ani ya yi tir da shi a Suratut Tauba wani abu ne dabam: ɗabi'ar Larabawan jahiliyya ta jinkirta wata mai alfarma, su halatta yaƙi a cikinsa su haramta wani a madadinsa. Wannan taɓa hukunci ne, ba taɓa suna ba. Ita kanta ƙidayar shekarun Hijira a zamanin Sayyidina Umar aka kafa ta, wajen shekara ta 17, bayan shawara da sahabbai. Lamba aikin mutane ce, an kafa ta da ijtihadi. Watanni goma sha biyu da jujjuyawar dare da rana kuwa ba na kowa ba ne sai Mahaliccinsu, shi ya sa aka hana mu zagin zamani.

Ko masana awon ma sun san ƙasa ba ta bin agogonsu. Juyawarta ba ta tafiya daidai wa daida, don haka daga 1972 zuwa ƙarshen 2016 sau 27 ana cusa ƙarin daƙiƙa ɗaya a UTC don kada ya rabu da rana. Ƙarin yana rikita kwamfutoci, na tsakiyar 2012 ya durƙusar da uwayen garke da dama masu aiki da Linux, sai babban taron awo na duniya ya yanke a Nuwamban 2022 cewa za a daina shi nan da 2035. Tazarar da za ta taru ƙanƙanuwa ce, ba za ta taɓa sallar kowa a rayuwarmu ba. Amma alkiblar a bayyane take: agogon duniya yana sakin hannun rana, Azahar kuwa tana nan ɗaure da ita.

Cirewa ta fi girkawa koya mini abu. Idan na rubuta apt remove chrony, manhajar takan fita amma fayil ɗin saitinta ya zauna, ko za a dawo da ita wata rana. In ina son a share har da shi sai in ce purge. Kuma ba dole ne apt ya dawo da wadda aka sauke tun farko ba, sau da yawa sai ka nema da kanka. To a wannan tsakanin me ke faruwa da agogon? Ba abin da ido zai gani. Ba ya tsayawa, ba ya ja, ba ya kuka. Yana ci gaba da nuna awa da minti da daƙiƙa da irin ƙarfin halin da yake nunawa jiya, alhali yanzu ba ya tambayar kowa. Yau daidai, gobe kusan daidai, bayan watanni ya yi nisa, kuma duk takardar da aka adana da duk cinikin da aka rubuta a tsakani sun ɗauki hatimin lokacin da ba shi ba. Ko ka dawo da chrony ta gyara agogon, ba ta komawa ta gyara abin da aka riga aka rubuta. Jahilci mai sauƙi shi ne agogon da ya mutu, kowa ya gan shi ya san ya mutu. Wanda aka yanke daga madogararsa yana ci gaba da tafiya shi ne mai haɗari, domin kamanninsa da mai gaskiya ɗaya ne.

Irin wannan agogon ne rataye a masallatanmu da yawa. A na unguwarmu akwai allon lantarki da wani bawan Allah ya kawo sadaka, Allah ya saka masa, mai jajayen lambobi, Asuba da Azahar har Isha kowace da layinta. Ba ya haɗe da intanet, ba ya jin tauraron ɗan'adam, batir ne a bayansa da ɗan dutsen kwaz irin wanda na faɗa. Ladaninmu dattijo ne, har yanzu kafin Azahar yakan fita ya tsaya jikin katangar gabas ya dubi inda inuwa ta kai. Wata rana bayan La'asar ya riƙe hannuna ya nuna allon da carbinsa.

"Ɗana, ku da kuka san kan waɗannan abubuwa, wannan wa yake tambaya?"

Na ce, "Baba, ba ya tambayar kowa. Tun ranar da aka saita shi yake lissafinsa shi kaɗai."

Ya ɗan yi shiru, ya ce, "To ka riƙa zuwa kana duba mana shi, tunda kai ka san ciwonsa. Ni kuma ba zan bar katangata ba."

Ban ga fiƙihun da ya wuce wannan a mas'alar ba. Bai ce a sauke allon ba, bai kuma miƙa masa amanar da aka ɗora a wuyansa ba.

Matsalar ta fi tsanani a Asuba, inda babu inuwar da za a auna. Manhajojin lokutan sallah da ke wayoyinmu suna lissafa alfijir da yadda rana ta yi ƙasa da sararin gabas. Ƙa'idar ƙungiyar Rabiɗa ta ce digiri 18, ta hukumar safiyo ta Masar ta ce 19.5, ta Ummul Ƙura ta Makka 18.5, ta Musulmin Arewacin Amurka kuma 15. A ƙasashenmu kowane digiri ya kai minti huɗu ko ɗan fiye. Tsakanin ta Masar da ta Rabiɗa akwai wajen minti shida, tsakanin ta Masar da ta Amurka kuwa ana tasar wa minti ashirin. Mutum biyu a sahu ɗaya, waya iri ɗaya, agogonsu daidai har daƙiƙa, amma ɗaya yana cin sahur a lokacin da ɗayan ya riga ya yi raka'atal fajri. La'asar ma akwai zaɓi: in aka bar ta a kan mazhabar Hanafiyya, inuwa ninki biyu, za ta jinkirta sosai a kan abin da muka sani na inuwa ta kai tsawon abu. Yaranmu masu rubuta manhaja sukan janyo irin wannan taskar lissafi da umarni ɗaya, kamar yadda nake janyo chrony, su bar ta a kan saitin da suka tarar, su saka sunan masallaci ko na ƙungiya a sama, jama'a su ɗauka malamai ne suka tantance. Wanda ya yi haka ya shiga aikin ladan ko ya sani ko bai sani ba, kuma amanar ladan ta hau kansa.

Ba ni da hurumin cewa digiri kaza ne daidai. Wannan aikin malamai ne tare da masana falaki, kuma ba a ɗaki ake yin sa ba. Sai an fita bayan gari, nesa da fitilu, a daren da babu farin wata kuma babu hazo, a zauna a ga alfijir na gaskiya ya shimfiɗu a gabas, a rubuta minti, a maimaita a watanni daban-daban, a Sakkwato da Kano da Maiduguri da Damagaram, sannan a gwada da lissafi. Muna da kwamitin ganin wata na ƙasa da ke yi mana wannan hidima a kan jinjirin wata, muna kuma ganin amfaninsa. Lokutan sallah, da muke buƙata sau biyar a yini, mun bar su ga saitin da wani ya zaɓa a wata nahiya don sararin samaniyar da ba tamu ba. Ina ganin wannan farilla ce ta kifaya da ba mu sauke ba. Ina kuma jin nauyi idan na tuna cewa mutanen da ke kula da tzdata, waɗanda yawancinsu ba sa azumi, sun zauna sun lissafa Ramadan na shekaru sittin masu zuwa don kada agogon Maroko ya kuskure, ba tare da an biya su ba.

Ina roƙon kwamitocin masallatai su sa mutum ɗaya, sananne, wanda aikinsa ne duba allon nan duk mako ya gwada shi da agogon da ke haɗe da madogara, ya kuma san wace ƙa'ida aka saita shi a kai da wane gari. Jadawalin Kano ba ya yi wa Gusau aiki, balle Birnin Kebbi. Ina roƙon 'yan'uwana masu rubuta manhaja su bayyana a fili, da Hausa, a shafin farko, digirin da suka yi amfani da shi da malamin da suka tuntuɓa. Kai kuma mai karatu, gwajin Azahar ba ya buƙatar kuɗi ko intanet. Ka kafa sanda a miƙe a fili mai laushi tun kafin sha biyu, ka riƙa sa alama a bakin inuwarta duk bayan minti biyar. Inda ta gama gajarta ta fara tsawo, nan rana ta karkata. A Kano hakan yana faruwa wajen 12:10 a farkon Nuwamba, wajen 12:40 a tsakiyar Fabrairu. Ka duba abin da allon masallacinku ya nuna a ranar, in ka ga saɓani ka kai wa liman.